Balbela ta yawaita a Accra, amma ina danginta?

Duk wanda ya saba bin hanyar Ashaiman ko ta Kasoa da yamma ya san jerin fararen tsuntsayen nan da ke wucewa ƙasa-ƙasa, goma-goma ko ashirin-ashirin, suna komawa makwanci. Balbelu ne. Suna nan a karar shanu ta Tulaku, suna bakin manyan kwatoci, suna filin ƙwallo da zarar an yanke ciyawa, suna kan bola, suna cikin harabar jami'a a Legon. Saboda wannan yawa nasu, in ka ce wa mutum tsuntsayen ruwan Accra suna cikin wani hali, sai ya dube ka ya ce, to ba ga su nan ko'ina ba? A nan ake yin kuskure. Balbelar da muke gani ta daɗe da rage dogaro da ruwa wajen neman abinci. Danginta kuwa, wato zalɓe da sauran masu dogayen ƙafafu da ke wuni tsaye cikin ruwa, ba su da wata hanyar ci sai ruwan nan. Abin da ya sa balbela ta yawaita a birnin, shi ne kuma yake korar su.

Hausawa sun gama bayanin balbela tun da suka yi mata kirari da "ci da motsin wani". Ka tsaya gefen garke da safe, ciyawa na da sauran raɓa. Saniya ta sunkuyar da kai tana figa, ta ɗaga ƙafa ta ajiye. Balbela na daf da kofaton gaba ko kusa da bakin saniyar, ba ta yin nisan da ya wuce taki ɗaya ko biyu. Wuyanta a lanƙwashe, wani lokaci ta ɗan kaɗa shi hagu da dama tana auna abin da ta hango. Kofato na taɓa ƙasa, fara ta zabura, wuyan ya miƙe, ta cafke, ta haɗiye, ta ƙara taku uku da sauri don kada saniyar ta bar ta a baya. In wata balbelar ta matso, sai ta kai mata sara, domin gaban saniya ya fi bayanta albarka, kuma kowace tana son wurin. Fara, gyare, ƙuda, gizo-gizo, ƙaramin kwaɗo, ɗan ƙadangare, duk abin da tafiyar dabba ta tayar, nata ne. An yi nazarin wannan kiwo, aka ga balbelar da ke bin dabba tana kama abinci fiye da ninki uku na wadda ke yawo ita kaɗai, kuma da ƙarancin taku. An kuma lura tana zaɓen saniya. Ba ta bin wadda ta kwanta tana tuƙa, ba ta bin mai sauri. Ta fi son mai kiwo a hankali, wadda ke yin taki 5 zuwa 15 a minti guda.

Mutane da yawa sun ɗauka kaska take cire wa shanu, musamman da yake akan gan ta tsaye a gadon bayansu. Na tambayi wani dattijo makiyayi a bayan Ashaiman ko tana rage wa shanunsa kaska, ya ce, "Ɗana, kaska aikin carki ne. Ita wannan ƙafa take bi, ba fata ba." Haka abin yake. Takan tsinci kaska jefi-jefi, amma kaɗan ce cikin abincinta. Amfaninta ga makiyayi da manomi shi ne fara da ƙudajen da take ragewa.

Jikinta ma ya nuna ta baro ruwa. In ka jera ta da sauran fararen danginta, ƙafafunta sun fi gajarta, wuyanta ya fi kauri, bakinta rawaya gajere ne mai ƙarfi, kuma akwai gashi cunkus a ƙarƙashin haɓarta. Tsawonta bai wuce santimita 46 zuwa 56 ba, nauyinta da ƙyar ya haura rabin kilo. Tsuntsun da ke kama kifi dole ya iya gyara saitinsa, domin haske na karyewa in ya shiga ruwa, kifin ba ya daidai inda ido ya gan shi. Masu bincike sun gano balbela ba ta ƙware a wannan gyaran ba kamar danginta na ruwa. Idanunta na tudu ne.

Kafin shanun gida, manyan namun daji take bi: ɓauna, giwa, karkanda, jakin dawa. Har gobe in ka je gandun dajin Mole a arewacin Ghana za ka gan ta a ƙafafun giwaye. Da ɗan Adam ya sare daji ya baza shanu, sai duniya ta buɗe mata. Asalinta Afirka ne da kudancin Sifen da Fotugal da yankunan Asiya masu zafi. A 1877 aka gan ta a Suriname, a arewacin Kudancin Amurka, kuma masana sun fi karkata ga cewa da fukafukanta ta ƙetare Tekun Atlantika, tafiyar kusan kilomita 3,000, iska na tura ta. Ta isa Florida a 1941, ta yi sheƙa a can a 1953, zuwa 1962 tana ƙyanƙyasa a Kanada. A cikin Afirka ma ta faɗaɗa, domin sai a 1908 ta fara sheƙa a lardin Cape na Afirka ta Kudu. A Birtaniya ta fara ƙyanƙyasa a 2008. Tsuntsaye kaɗan ne suka bazu haka cikin ɗan lokaci ba tare da an ɗauke su an kai ba. Inda aka kai ta da gangan kuwa, kamar tsibiran Hawaii a 1959 don ta rage ƙudajen shanu, daga baya ta zama abin kuka, saboda tana cin 'ya'yan tsuntsayen wurin.

A ƙasar Hausa an san ta da sheƙar damina. Ruwa na sauka, ciyawa ta fito, fara ta yawaita, sai balbelu su taru a manyan itatuwan gari, sau da yawa kusa da shamuwa. A lokacin ne farin nan nata ke samun ado: gashin kai da ƙirji da baya ya koma ruwan goro, baki da ƙafafu su yi ja na 'yan kwanaki. Namiji ke kawo kirare, mace ke jera su. Ƙwai uku ko huɗu ne galibi, masu ɗan shuɗi-shuɗi, kuma uwa da uba ke karɓa-karɓar kwanci har kwana 23 ko kusa da haka. Da yake tun ƙwan farko ake fara kwanci, 'ya'yan ba sa fitowa rana ɗaya. Na fari ya girmi na ƙarshe da kwanaki, ya fi shi ƙarfin ƙwatar abinci, kuma in shekara ta yi tsanani autan ne ke mutuwa. Waɗanda suka rayu suna tashi bayan kamar wata guda. A da, kudancin Ghana ya fi sanin balbela a matsayin baƙuwar rani, ta gangaro in arewa ta bushe, ta koma in damina ta kama. Yanzu a Accra kusan duk shekara ana ganinta, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da abincin da birni ke ba ta ba ya bin damina.

Wannan abinci shi ne bola. Ƙidayar 2010 ta sami mutum miliyan 4 a yankin Greater Accra, ta 2021 ta sami sama da miliyan 5.4. Kowane gida na fitar da shara, kowace kasuwa na zubar da ruɓaɓɓen kaya, kowace mayanka na da tumbi da jini. Inda waɗannan suka taru akwai ƙuda, inda ƙuda yake akwai tsutsa. A juji irin na Kpone, motar da ke ture shara ta maye gurbin saniya: tana tafiya, balbelu na biye da ita, tare da hankaki da shirwa. A gona suna bin tarakta, in an sa wa daji wuta suna tsaye a gefen harshen wutar suna jiran abin da zai gudo. Dabarar dai ɗaya ce, mai motsin ne ya sauya. Don haka yawan balbela a unguwa ba shaidar lafiyar wurin ba ne. Sau da yawa shaida ce cewa shara ta yi yawa.

Danginta ba su da wannan sauƙin kai. Gida ɗaya suka fito, kuma ana gane 'yan gidan a sama: suna tashi da wuya a naɗe, ƙafafu a miƙe ta baya, saɓanin shamuwa da ke miƙe wuyanta. Amma a wajen ci, kowanne da irin ruwansa. Zalɓe mai launin toka, wanda tsayinsa ya kai mita guda, yakan shiga inda ruwa ya kai masa gwiwa ko fiye, ya tsaya cak na tsawon lokaci har kifi ya manta da shi. Babbar farar nan mai rawayen baki da baƙaƙen ƙafafu, wadda ta kusa kai shi tsawo, ita ma haka take yi, sai dai takan taka a hankali. Akwai ƙaramar fara mai siririn baƙin baki da baƙaƙen ƙafafu amma yatsunta rawaya, wadda aka fi rikita ta da balbela. Ita ba ta da haƙurin tsayuwa. Takan sa ƙafa ɗaya ta girgiza laka, abin da ke ɓoye ya fito, ta bi shi da gudu tana buɗe fiffike. Ruwan da take so bai fi ya rufe mata idon sawu zuwa ƙwauri ba. A bakin teku, kan duwatsu da inda tafki ke haɗuwa da teku, akwai wata mai launin toka mai duhu da farin maƙogwaro, tana farautar ƙananan kifaye da ƙaguwa in teku ta janye. A cikin ciyayin gefe akwai wata gajeriya ruwan ƙasa da ba ka ganinta sai ta tashi, fukafukan su bayyana fari fat. Akwai mai fitowa da dare kawai, wadda ke wuni a ɓoye cikin ganye. Cikinsu duka, zalɓe mai baƙin kai ne kaɗai ya ɗan bi sawun balbela, domin yana farautar ɓera da ƙadangare a fili, shi ya sa ake ganinsa nesa da ruwa.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce baƙar nan, baƙa wuluk mai rawayen yatsu, da ake samu a tafkin Sakumo. Takan taka cikin ruwa marar zurfi, ta yi taku kaɗan, sai ta wurgo fukafukanta gaba ta haɗa bakinsu, ta sunkuyar da kai ciki, ta zama lema a kan ruwa. Gefen gashin na taɓa ruwan ta ko'ina. Ta yi daƙiƙa biyu ko uku a haka, ta miƙe, sau da yawa da ɗan kifi a baki, ta ƙara gaba ta sake. Inuwar na kashe mata ƙyallin rana ta ga ƙasan ruwa sosai, kuma ana ganin ƙananan kifaye na shigowa inuwar neman mafaka. In sun yi yawa wuri guda, sai ka ga baƙaƙen lemomi suna buɗewa suna rufewa a faɗin ruwan. Wannan dabara ba ta aiki a tudu, ba ta aiki a ruwa mai zurfi, ba ta aiki a ruwan da leda ta rufe. Tana buƙatar shimfiɗaɗɗen ruwa mai ɗan tsabta, wanda zurfinsa bai wuce tsawon ƙafarta ba, mai ƙananan kifaye.

Abin da duk waɗannan tsuntsaye ke rayuwa a kai ke nan: gefen ruwa mai gangarowa a hankali, wanda ke matsawa da lokaci. Da damina tafki ya cika ya malala cikin ciyawa, kifi ya hayayyafa. Da rani ruwa ya ja baya, laka ta fito, kifaye su taru a 'yan kududdufai, tsuntsaye su samu. A daidai wannan lokaci ne kuma baƙi ke isowa daga Turai da arewacin Asiya, ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da ke gudun sanyin can, su zauna daga wajen Satumba zuwa Afrilu. In aka rasa wannan gefe, ko da ruwa na nan, an rasa tsuntsayen. Shi ya sa kwatar siminti mai miƙaƙƙen bango ba ta maye gurbin rafi a wurinsu, haka ma tafkin da aka yashe aka bar gefensa a tsaye kamar rami.

Ghana ba ta jahilci darajar waɗannan wurare ba. A 1988 ta shiga yarjejeniyar kare dausayi da aka ƙulla a birnin Ramsar na Iran tun 1971, ta fara da Owabi kusa da Kumasi. Ranar 14 ga Agusta 1992 aka ƙara wurare biyar na bakin teku: Keta, Songor, Sakumo, bakin kogin Densu, da Muni-Pomadze kusa da Winneba. Biyu daga ciki, Sakumo ta gabas da Densu ta yamma, su ne suka sa Accra a tsakiya. Wannan bai samu haka kawai ba. Tun 1985 aka fara wani shiri na ceton tsuntsayen gaɓar teku, wanda Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ta jagoranta, aka yi shekaru ana ƙirga tsuntsaye wata-wata a waɗannan tafkuna, kuma alƙaluman ne suka zama hujja. A Sakumo kaɗai, mai faɗin hekta 1,364, an rubuta nau'in tsuntsayen ruwa sama da 60, adadinsu kan kai dubun-dubata a lokacin da suka fi taruwa. A 1999 aka yi dokar kula da waɗannan wurare, L.I. 1659, aka damƙa su ga sashen namun daji na hukumar gandun daji.

Tun kafin dokar gwamnati, mutanen Ga na Tema suna da tasu. A wurinsu tafkin Sakumo wuri ne mai tsarki, yana da mai kula da shi na gargajiya da ake kira Wulomo. Akwai watannin da ake rufe kamun kifi, akwai ranar da ba a shiga, kuma baƙar tsuntsuwar nan mai lema ba a taɓa ta. Mu Musulmin zango ba aƙidarmu ba ce, amma duk mai adalci zai yarda cewa hutun da ake ba tafkin shi ya bar karfasa ta yi girma ta hayayyafa, masunta suka samu, tsuntsaye suka samu. Da gari ya cika da baƙi waɗanda ba su san wannan ƙa'ida ba, ko ba su ɗauke ta da nauyi ba, sai ta yi rauni, dokar gwamnati kuma ba ta yi ƙarfin da za ta cike gurbin ba.

Abubuwa uku ne ke cin Sakumo, kuma suna taimakon juna. Na farko ciko. Tifa ta kawo jar ƙasa da ɓaraguzan gini da dare ko da rana, a zuba a gefen fadama, a daddaɓe, a ja katanga, a sa harsashi. Filoti ɗaya ba ya nuna komai, amma na bayansa zai dogara da shi ya ƙara shiga ciki. Na biyu abin da rafuka ke kawowa daga unguwannin da ke sama: yashi da laka daga wuraren gini, leda, ruwan wanka da na bayan gida, da dattin masana'antu. Laka na cike tafkin daga ƙasa, ƙazantar kuma taki ce ga ciyawa. Na uku mashigar teku. Hanyar Accra zuwa Tema ta bakin teku ta bi ta kan yashin da ya raba tafkin da teku, ƙaramar kafa ce kawai ta haɗa su. Ruwan gishirin da ke shiga ba shi da yawa, ruwan daɗi mai datti daga sama kuwa ƙaruwa yake yi. Sakamakon haka kacala da sauran dogayen ciyayi suna mamaye inda a da fili ne na ruwa da laka. Duk wanda ya san fadamar Haɗeja da Nguru ya san wannan ciyawa. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina hawa da sauka yadda ya saba, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, manoma da masunta suka sha wuya. Dalilan ba ɗaya ba ne sak, amma abin da ke faruwa ga tsuntsu mai buƙatar buɗaɗɗen ruwa marar zurfi iri ɗaya ne.

In ana son ganin ƙarshen wannan hanya, ba sai an je nesa ba. Tafkin Korle, a tsakiyar Accra, shi ma wuri ne mai tsarki ga mutanen Ga, kuma dattawa sun san lokacin da ake kamun kifi a cikinsa. Yau kogin Odaw na juye masa dattin rabin birni. A nan maganar ta shafe mu kai tsaye, domin babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi a Odaw take ƙarewa. Ledar da aka jefa cikinta da daddare, da sharar da ake jira ruwan sama ya zo a tura masa, can suke zuwa. Na san dalilin da ke sa mutane yin haka: lungunan da mota ba ta shiga, kuɗin mai kwasar shara, rashin wurin zubarwa kusa. Dalilai ne na gaskiya, kuma hukuma na da babban kaso na laifin. Amma ledar ba ta sauya hanya saboda dalilinmu. A bakin Korle har yanzu za ka ga fararen tsuntsaye, wani lokaci da yawa. Ka duba da kyau, mafi yawansu balbelu ne a kan tarin shara suna cin tsutsa.

Akwai masu cewa ana fama da kuɗin haya da abinci, wa ke ta tsuntsu? Tambaya ce da ta cancanci amsa, kuma amsar tana cikin ruwan saman watan Yuni. Fadamar da zalɓe ke tsayawa a ciki ita ce wurin da ruwa ke sauka ya jira kafin ya shiga teku. Accra gari ne mai kwari a bakin teku, in ruwa mai ƙarfi ya haɗu da cikar teku, ba shi da wurin zuwa da sauri. Kowane filoti da aka cike, ruwan da yake riƙewa zai koma wani wuri. Ranar 3 ga Yuni 2015, ambaliya ta haɗu da gobara a gidan mai kusa da Kwame Nkrumah Circle, mutum kusan 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. A yamma kuma, duk lokacin da madatsar Weija ta cika aka buɗe ƙofofinta, ruwan Densu na bin tsohuwar hanyarsa zuwa teku, ya tarar da gidaje a Tetegu da Oblogo da kewaye, inda a da fadama ce. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don aikin rage ambaliya a yankin Odaw. Kuɗi ne da ake kashewa don a yi da injin da siminti wani ɓangare na aikin da fadama ke yi kyauta.

Ko balbelar ma, duk da sauƙin kanta, ba ta rabu da ruwa gaba ɗaya ba. Ta fi son kwana da sheƙa a itatuwan da ke kan ruwa ko kusa da shi, sau da yawa tare da danginta a bishiya guda, saboda maciji da muzuru da yara masu danƙo ba sa kai musu da sauƙi. In aka sare itatuwan bakin tafki, ciki har da waɗanda ke tsirowa a ruwan gishiri a bakin Densu, da ake sara don itacen ƙyafe kifi, sai garken ya koma darbejiyar cikin unguwa. Daga nan rigima ta fara: kashi fari a kan rufi da mota, wari, hayaniya da asuba, har bishiyar ta bushe saboda yawan kashin. Masu gida su sare ta, tsuntsayen su koma ta gaba. Kusa da filin jirgin sama kuwa taronsu haɗari ne ga jirage. Ba na ganin laifin mai gidan da ya gaji da wari. Amma sare bishiya ɗaya bayan ɗaya ba ya magance komai muddin juji na kusa yana ciyar da su, makwancinsu na asali kuma an mai da shi filoti.

A 'yan shekarun nan hukumomi sun shiga Sakumo da manyan motoci sun rushe katangu da gine-ginen da aka yi cikin yankin da aka kare, fiye da sau ɗaya. Ina goyon bayan a kare wurin, amma rusau kaɗai bai gamsar da ni ba, saboda dalili biyu. Na farko, gini ba ya tsirowa cikin dare ɗaya. Kafin a kai ga rufi, akwai wanda ya sayar da filin, akwai wanda ya auna, akwai wanda ya sa hannu a takarda ko ya kau da kai, akwai tifofin da suka yi ta shiga a gaban kowa. In mai saye kaɗai ya yi asara, mai sayarwa zai nemi wani mai sayen gobe. Kuma a bambanta talakan da tsadar haya ta tura shi ya kafa ɗaki a bakin kwata da mai kuɗin da ya cike fadama ya jera gidajen sayarwa. Na farko yana buƙatar wurin komawa, na biyu yana buƙatar hukunci. 'Yan'uwanmu da ke tara kuɗi shekara da shekaru, wasu daga ƙasashen waje suke aikowa, su ma su yi hattara: filin da aka ce yana da araha a Sakumono ko Klagon ko gefen Densu, a je a gan shi a watan Yuni, a kuma bincika ko yana cikin iyakar da doka ta kare kafin a biya ko sidi ɗaya.

Dalili na biyu shi ne wanda ba a cika faɗa ba. Rushe gini ba ya dawo da fadama. In an ture bulo aka tafi, jar ƙasar da aka zuba tana nan, ta ɗara tsohon matakin ruwa da mita ɗaya ko fiye, ga ɓaraguzan ginin a kanta. Ruwa ba zai hau wurin ba, kifi ba zai shiga ba, tsuntsu mai lema ba zai sami inda zai tsaya ba, kuma a damina mai zuwa wurin ba zai riƙe wa unguwannin kewaye ko bokiti ɗaya ba. Ciyawa ce za ta fito, akuya ta shiga, balbela ta bi ta, bayan shekara biyu wani ya zo ya ga busasshen fili ya sake jan katanga. Sai an kwashe cikon har zuwa tsohuwar laka, an bar gefen ya gangara a hankali yadda yake a da, an kuma gyara mashigar teku ruwan gishiri ya riƙa shiga yana fita, sannan za a ce an ƙwato wurin. Aiki ne mai cin kuɗi, ya fi rusau tsada nesa ba kusa ba, kuma kuɗin ya kamata ya fito daga aljihun wanda ya zuba ƙasar da wanda ya sayar masa da filin.